Daga MySQL zuwa PostgreSQL: aikin kamfanin da ya kwashe mana bayanan fotal ɗin makaranta

Ni ce jami'ar jarrabawa a wata makarantar kuɗi a Zariya, mai firamare da sakandare da sashen Islamiyya. Tun da ni na fi kowa daɗewa a gaban kwamfuta, sai kula da fotal ɗin makaranta ya dawo wuyana ba tare da an taɓa rubuta hakan a wata takarda ba. A dogon hutun 2024 muka ɗauki wani ƙaramin kamfanin manhaja da ke Kaduna ya kwashe mana bayanan fotal ɗin gaba ɗaya daga MySQL zuwa PostgreSQL, dukansu manhajoji ne na rumbun ajiyar bayanai. Tun daga lokacin abokan aiki na wasu makarantu suke tambayata ko aikin ya yi kyau, ko kuwa an ci kuɗinmu ne kawai. Aikin ya yi, kuma zan sake ba su wani, amma akwai wuraren da suka ɓata mini rai kuma zan faɗe su. Ba zan kama sunansu ba domin har yanzu akwai yarjejeniyar kulawa tsakaninmu.

Abin da ya tayar da mu abu biyu ne. Tsohon fotal ɗin wani malamin kwamfuta ne da ya taɓa aiki da mu ya gina shi da harshen rubuta manhaja na PHP, ya ɗora shi a kan MySQL 5.7, daga baya ya samu wani aiki ya tafi. Oracle, kamfanin da MySQL ya koma hannunsa tun 2010 bayan ya sayi Sun Microsystems, ya daina fitar da gyaran tsaro na 5.7 a watan Oktoban 2023. Masu ba mu hayar saba, wato kwamfutar da fotal ɗin ke zaune a kanta, suka fara aiko da saƙo cewa mu san inda dare ya yi mana. Ana cikin haka Alhaji mai makaranta ya ga wata sabuwar manhajar gudanar da makaranta a wurin wani abokinsa, ta burge shi, ya biya kuɗinta kafin ya tambayi kowa. Ita kuwa wannan manhaja a kan PostgreSQL kaɗai take aiki. Ga sakamakon ɗalibai na shekara da shekaru, ga bayanan biyan kuɗin makaranta, ga sunayen iyaye da lambobinsu, duk a tsohon rumbu.

Mutum uku suka kawo farashi. Na farko ya ce aikin dare ɗaya ne, ya yanka kuɗin da bai kai rabin na sauran ba, kuma bai nemi ganin rumbun ba kafin ya yanka. Na biyu ya ce mu fitar da komai a Excel, shi zai shigar. Waɗannan na Kaduna su ne mafi tsada, kuma su kaɗai suka ce ba za su faɗi farashin ƙarshe ba sai sun duba kwafin bayanan. A zaman farko shugabansu, wani matashi da ba ya son yawan magana, ya ce wa Alhaji: "Ranka ya daɗe, in tsoron 5.7 ne kaɗai ya dame ku, ku ɗaga zuwa MySQL 8, ya fi araha kuma ya fi sauƙi. Ba a tashi zuwa PostgreSQL sai da dalili." Da aka gaya masa an riga an sayi manhajar sai ya ce to dalili ya samu. Mai neman kwangila da ya fara nuna maka hanyar da ba zai ci kuɗinka da yawa ba, a wurina ya riga ya ci rabin jarrabawa.

Alhaji ya tambayi kuɗin lasisi, aka ce babu. PostgreSQL kyauta ne, ya samo asali ne daga wani aikin bincike da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, ya ɗauki sunansa na yanzu a 1996, kuma ba mallakar wani kamfani guda ba ne. Kowane babban fitowa ana kula da shi shekara biyar. Mu na 16 aka ɗora mana, wanda ya fito a Satumban 2023, za a ci gaba da gyara shi har Nuwamban 2028. Wannan kwanan watan na rubuta shi a bangon ofishina, don kada a sake wayar gari da saƙon tashi.

An raba biyan kuɗi kashi uku: rabi a farko, wani kaso bayan gwaji ya yi daidai, ragowar kuma sai sabon fotal ya yi wata guda yana aiki. Su suka kawo wannan tsarin, ba mu ba.

Kwashe bayanan shi kansa ba wani aiki ba ne, kuma wannan ne abin da masu tambayata ba sa ganewa. Sun yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna pgloader, wadda wani Bafaranshe, Dimitri Fontaine, ya rubuta. Ana nuna mata tsohon rumbu da sabo, ta gina tebura, ta zuba layuka, ta mayar da fihirisa, ta saita lambobin da ke ƙaruwa da kansu don kada sabon ɗalibi ya ɗauki lambar wani. A gabana aka yi gwajin farko, bayanan makarantarmu duka suka ƙetare cikin 'yan mintuna. Na ce a raina, ashe mai aikin dare ɗaya bai yi ƙarya ba. Sai injiniyansu ya buɗe wani fayil na layukan da suka ƙi shiga da waɗanda suka shiga a karkace, ya ce, "Malama, yanzu aikin ya fara." Tashin rumbun bayanai kamar tashi daga tsohon gida ne: sai an ɗaga gado ake ganin abin da ya taru a ƙarƙashinsa.

Abu na farko da ya bayyana shi ne sunayen yaranmu. A kwafin gwajin, Ruƙayya ta koma RuÆ™ayya, Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, Bilƙisu ta zama BilÆ™isu. Na ce ai a tsohon fotal lafiya lau suke fitowa, shekara da shekaru muna buga katin sakamako da su. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma a nan na tabbatar sun san aikinsu. An saita tsohon rumbun a kan latin1, tsarin haruffan yammacin Turai, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Shi kuma shafin fotal yana aika rubutu da wani tsarin haruffa mai suna UTF-8, inda kowane ɗaya daga waɗannan haruffa masu ƙugiya yake cin bayit biyu, wato gurbin harafi biyu na latin1. Rumbun yana karɓar bayit biyun ya ajiye su a matsayin haruffan Turawa biyu, in shafin ya nema ya mayar masa da su yadda suke, burauza ta haɗe su ta nuna ƙ. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri. Ranar da aka zo fassara bayanan da gaskiya zuwa UTF-8, sai asirin ya tonu.

Maganin wannan yana cikin pgloader ɗin: ana iya gaya mata ta karanta tebur kaza a matsayin UTF-8 ko da rumbun ya ce latin1 ne. Da an tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma teburan namu gauraye ne. Muna da 'yan ɗalibai daga Nijar da ake rubuta sunayensu da salon Faransanci, irin su Aïchatou, ga kuma sharhin malamin Faransanci a katin sakamako, wasu daga ciki an shigar da su ta wata hanya dabam, sun zauna a latin1 na gaskiya. In ka gyara na Hausa da umarni ɗaya sai ka ɓata waɗannan. Sai da suka tsame su gefe, suka gyara su dabam, sannan suka sake gudanar da kwashewar.

Rukuni na uku shi ne wanda babu na'urar da za ta iya. Wata shekara an zuba sunayen sababbin ɗalibai daga Excel ta wata manhajar kwamfuta, ita kuma ta gaya wa rumbun gaskiya cewa UTF-8 take kawowa. Rumbun da ya ga harafin da ba ya cikin latin1 sai ya maye gurbinsa da alamar tambaya: Ru?ayya, ?ahiru, ?asimu. Harafin ya tafi, ba a ajiye shi ko'ina ba. Mai gaggawa zai yi canki-canka ya cike. Su kuwa suka buga mana jerin a takarda, aji-aji, na raba wa malaman aji suka duba da rajista da fom ɗin shiga makaranta, muka mayar musu. Suka kuma ƙara mana wani abin da ba mu nema ba: a sabon fotal ko ka rubuta k ko ƙ, d ko ɗ, sunan zai fito a bincike, amma a kan kati da ƙugiyarsa yake bugowa. Duk wanda ya taɓa neman yaro a kwamfuta uban na tsaye a kansa ya san darajar wannan.

Abu na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali, don ya taɓa aikina kai tsaye. Sun rubuta wani ɗan shiri da ke sake lissafa sakamakon kowane ɗalibi a sabon rumbu ya gwada da abin da tsohon ya bayar. Mafi yawa sun yi daidai, amma wasu darajoji sun canja. Yaron da ya samu B2 a lissafi a tsohon kati, a sabo ya koma A1, alhali makinsa bai motsa ba: 74.5.

Ga yadda abin yake. Ma'aunin makarantarmu, wanda muka kwaikwayo daga na WAEC, yana ba da A1 daga 75, B2 daga 70 zuwa 74, B3 daga 65, haka har ƙasa. Malamai suna ba da rabin maki a gwajin aji, don haka ana samun jimla mai ɗigo biyar, sai kwamfuta ta cike ta zuwa cikakkiyar lamba kafin ta ba da daraja. A tsohon rumbu an ajiye makin a gurbi irin na FLOAT, wato lambar kintace, kuma wajen cike irin wannan lamba MySQL yana bin ƙa'idar na'urar da yake kai, wadda a yawancin na'urori ita ce a karkata zuwa lambar da ke rabuwa biyu. Saboda haka 69.5 tana hawa 70, amma 74.5 tana sauka 74. Haka 64.5 ta koma 64, 54.5 ta koma 54, 44.5 ta koma 44, yayin da 59.5 da 49.5 da 39.5 duk suke hawa. A sabon rumbu an sa makin a NUMERIC, lamba tabbatacciya, inda ɗigo biyar kullum hawa take, yadda muke koya wa yara a aji huɗu. Ma'ana, tsawon shekaru fotal ɗinmu yana ɗaga wasu yaran da ke bakin iyaka yana sauke wasu, kuma babu malamin da ya taɓa yanke wannan hukunci.

Abin da ya burge ni shi ne ba su yanke shawara a madadinmu ba. Injiniya ya ce wannan ba maganar kwamfuta ba ce, maganar makaranta ce. Aka kai gaban shugabar makaranta da Alhaji. Muka tsaya a kan cewa duk sakamakon da aka riga aka buga aka ba iyaye zai zauna yadda yake, za a ajiye darajar a matsayin rubutu tsayayye, kada sabon fotal ya sake lissafa ta. Daga sabon zango kuma ɗigo biyar hawa za ta riƙa yi. Ku ɗauka ba a gano wannan ba: tsohuwar ɗaliba ta zo neman bayanin sakamakonta don canja makaranta, a buga mata takardar da ta saɓa da katin da ke hannun mahaifinta, da hatiminmu a kan duka biyun. Wa zai yarda ba maguɗi muka yi ba? Wannan binciken kaɗai, a ganina, ya biya bambancin da ke tsakanin farashinsu da na mai dare ɗaya.

Na ukun har ya ba mu dariya, kafin mu gane asara ce. A gurbin lambar waya ta biyu, wadda ake kira in an nemi uba ba a samu ba, kusan kowane yaro lamba ɗaya ce: 2147483647. An gina gurbin ne a matsayin INT, wanda iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Lambar wayar Najeriya, bayan an jefar da sifirin farko, tana da lambobi goma da ke farawa da 7 ko 8 ko 9, ta zarce iyakar nesa ba kusa ba. Da yake an kashe tsauraran ƙa'idojin MySQL a tsohon fotal, maimakon ya ƙi karɓa sai ya riƙa datse kowace lamba zuwa iyakarsa ya yi shiru. Babbar lambar uba tana gurbin rubutu, ita ta tsira, shi ya sa ba a lura ba. Waɗannan ba su dawo ba. Wasu mun samo su a fayil ɗin takarda, sauran muna karɓa a hankali in iyaye sun zo taro.

Sauran ƙananan abubuwa sun bi da su ba hayaniya. Ranakun haihuwa da aka bari 0000-00-00, waɗanda MySQL ke haƙuri da su amma PostgreSQL ba ya karɓa ko kaɗan, an mayar da su gurbi fanko aka ba mu jerinsu. Tsofaffin teburan irin na MyISAM ne, wani tsohon tsarin ajiya na MySQL, ba sa tilasta alaƙa tsakanin tebur da tebur, don haka aka tarar da maki da rasit na ɗaliban da aka goge sunayensu tuntuni. Ba su share ko ɗaya ba, sun tara su a tebur na musamman, ma'ajinmu ya bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya. Lokacin biyan kuɗi ma ya so ya ja baya da awa ɗaya, don sabar tana kan agogon duniya na UTC mu kuma muna gaba da awa guda, wanda ya biya da sha biyu da rabi na dare sai ya faɗa jiya. Sun saita shi kafin ya kai ga ma'aji.

Tantancewar ƙarshe ba su yarda su yi su kaɗai ba. Sun ƙirga layukan kowane tebur a ɓangarorin biyu. Ma'aji ya zauna da su aka haɗa jimlar kuɗin kowane zango har kwabo, aka gwada da bayanan banki. Ni kuma aka ce in shiga ɗakin ajiya in zaro katunan sakamako daga duk shekarar da na ga dama, su ba za su zaɓa ba. Ina karanta makin daga takarda, wata yarinya daga cikinsu tana dubawa a allo tana cewa "Daidai, Malama." Ita ce ta fi su haƙuri, kuma ita ta kama wani aji guda da aka shigar da makin Larabci a gurbin Tauhidi tun asali.

Ranar tashin kanta ba labari. Daren wata Juma'a aka kulle tsohon fotal ya zama na karantawa kawai, aka ɗauki kwafin ƙarshe, aka gudanar da shirin da aka riga aka maimaita har ya zauna, aka sake ƙirge-ƙirgen, da safiyar Asabar adireshin makaranta yana buɗe sabo. Tsohon an bar shi a kulle har zango guda ko da za a buƙaci komawa. Kafin su tafi na ce ina so in ga ajiyar ko-ta-kwana tana aiki, ba a gaya mini kawai ba. Suka goge rumbun gwaji a gabana, suka dawo da shi daga ajiyar daren jiya. Ban taɓa ganin an yi haka da tsohon fotal ba.

Yanzu inda suka gaza.

Makon da aka koma makaranta, iyaye suka fara shiga don biyan kuɗi, wayata ta ƙi yin shiru. Kowa magana ɗaya: fotal ya ce ba ya gane lambar yaro. Lambobin shigarmu da ƙananan haruffa suke a rumbu, wayoyin hannu kuwa suna mayar da harafin farko babba da kansu. MySQL, yadda aka saba saita shi, bai damu da babba ko ƙarami ba wajen gwada rubutu, har sararin da ya biyo bayan kalma 5.7 yana kawar da kai a kansa. PostgreSQL kuwa harafi babba dabam, ƙarami dabam. Wannan sanannen bambanci ne, duk mai wannan sana'a ya san shi. Su sun yi gwajinsu a kan laftof suna kwafa suna liƙawa, ba wanda ya ɗauki waya ya buga da yatsa yadda uwa za ta yi a gida. Gyaran bai ɗauke su lokaci ba, sun mayar da gurbin zuwa citext, wanda ba ya bambanta babba da ƙarami, suka sa a riƙa datse sarari. Abin da ya ƙona mini rai shi ne lambar taimakon da suka ba mu ta yi ta ƙara tun safe ba a ɗauka ba sai bayan azahar, ma'aikatan kamfanin duka ukunsu suna wani aiki a Abuja. Ni ce na sha faɗan iyaye, har wani uba ya zo da kansa ya ce an kori ɗansa ba a gaya masa ba. Sun ba da haƙuri, sun kuma cire wani abu daga kason ƙarshe ba tare da mun nema ba, amma safiyar ta riga ta ɓaci.

Na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Cikin makonnin gyara, ɗaya daga cikinsu ya turo mini fayil ɗin kurakurai ta WhatsApp, da sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu, ba ko kalmar sirri a kai. Kamfanin da ya sa mu sa hannu a takardar sirri tun ranar farko! Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma hukumar NDPC ke kula da ita, makaranta take fara kamawa a matsayin mai riƙe da bayanan, ta tsaurara a kan bayanan yara, kuma in aka samu ɓullar bayanai mai haɗari ana son a sanar da hukumar cikin awa 72. Da wayata ta ɓace a kasuwar Sabon Gari a wannan makon, mu za a tambaya, ba su ba. Na kira shugabansu na gaya masa. Daga ranar suka buɗe mana wata ma'ajiya mai kalmar sirri, kuma bayan kammala aiki suka ba mu takarda cewa sun goge duk kwafin da ke kwamfutocinsu. Gyara ne mai kyau, amma bai kamata malamar makaranta ce za ta tuna wa injiniya wannan ba.

Takardar bayanin aikin da suka bari kuma an rubuta ta ne don injiniya ɗan'uwansu. Tana da amfani ga wanda zai gaje su, amma ni da ma'aji abin da muke buƙata shafi biyu ne: in kaza ya faru, danna nan, kira wane. Horon da suka yi wa ma'aikata ma gajere ne ƙwarai, an yi shi a gurguje ranar da suke son kama hanya kafin duhu. Sai da na zauna na rubuta wa malamai nawa bayanin da Hausa.

Sai maganar kuɗin wata-wata. Sabuwar sabar da dala ake biyan hayarta. Sun rubuta hakan, ba zan yi musu ƙazafi ba, amma a layi ɗaya a shafin ƙarshe na takardar farashi, kuma ba su faɗa da baki ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da ake biya da dala ba ƙaramin layi ba ne ga makarantar da ke karɓar kuɗinta da naira sau uku a shekara. Alhaji bai ji daɗi ba da kuɗin watan farko ya fita. Daga baya sun duba suka ga sabar ta fi ƙarfin buƙatarmu, suka sauke mu zuwa ƙarama, kuɗin ya ragu sosai, kuma ko ranar fitar da sakamako ba ta yi nauyi ba. Da tun farko aka auna haka.

Wa ya kamata ya ɗauke su? Makarantar da ke da bayanan shekaru masu yawa, musamman in hannaye da dama sun taɓa rumbun kuma wanda ya gina shi ba ya nan. Sabuwar makaranta mai ɗalibai kaɗan ba ta buƙatar wannan tsadar, akawu mai natsuwa zai shigar da komai da hannu cikin hutu. Wanda kuma babu abin da ya tilasta masa barin MySQL, ya ɗaga zuwa sabon fitowa ya huta, kamar yadda su da kansu suka faɗa. Ban ga wani saurin da ya bambanta ba tsakanin tsohon rumbu da sabo a aikinmu na yau da kullum. Bambancin da na gani shi ne sabon ba ya karɓar shirme: ka sa ranar da babu ita ko lambar da ta fi gurbinta, nan take zai ƙi, malamai su yi ta ƙorafi a makon farko, daga baya su saba.

In za ku ba su aiki, ku sa a rubuce cewa makon farko na komawa makaranta mutum ɗaya daga cikinsu zai zauna da waya a hannu daga safe har tashi, kuma gwajin shiga fotal da wayoyin iyaye na gaske za a yi shi, ƙanana da manya. Ku kuma nemi kuɗin saba na shekara guda a rubuce da naira a shafin farko. Yarjejeniyar kulawarmu da su ta zo sabuntawa, Alhaji yana ganin tun da komai na tafiya a daina biya. Na roƙe shi a rage ta maimakon a soke: su riƙa gwada dawo da ajiya sau ɗaya kowane zango, su sa gyare-gyaren tsaro in sun fito, kuma ɗagawa daga PostgreSQL 16 kafin Nuwamban 2028 ya shiga cikin farashin. Sun yarda da biyun farko, na ukun suka ce sai an zauna.